Kyaftin Sarmidi da Audugar Gari

A garinmu Randusewu, in ka ga mutum da farin kai kada ka yi saurin rusuna masa, bari ya kakkaɓe tukuna, don sau da yawa audugar rimi ce. Da ita muke ci, da ita muke sha. Rani na kamawa sai a kaɗo kwanson rimi, a ɓare, a baza audugar a rana ƙarƙashin raga, a shiga da sandar gora ana duka ana watsawa sama, har angurya ta zube ƙasa farar ta rabu. Daga nan mata su ɗura katifu da matasai. Aiki ne mai shiga hanci da maƙogwaro, kuma duk garin babu wanda ya tsane shi kamar Pak Sarmidi. A wajenmu Pak ake ce wa magidanci, Bu ga matar aure, Mbah kuwa ga tsoho.

A faɗarsa, ba don sandar gora aka yi hannunsa ba. Yana saurayi ya yi wasu shekaru a barikin jiragen soja na birni, irin jiragen nan masu saukar ungulu, ya dawo da tsohuwar hular kwano da gashin baki da labarin da har yau bai ƙare ba. Shi ya raɗa wa kansa suna Kyaftin, mu kuma muka bar masa, tunda ba abincin wani ya rage ba. Kullum da hantsi yana rumfar mai kofi, ya kifa hular a gwiwa, yana tsoma soyayyen rogo a kofin wani.

"Ni nake tsayawa tsakiyar fili," in ji shi. "In na ɗaga hannu jirgi ya tashi, in na sauke ya zauna kamar kaza a kan ƙwai. Ba abin da ba mu ɗauka ba. Igwa, gada, likita, shinkafar masu ambaliya. Akwai shekarar da muka ciro ɓauna daga rijiya."

"Bara saniya ce," in ji Mbah Tukiran, wani tsoho da haƙori biyu suka rage masa, duka biyun kuma a kan Sarmidi yake wasa su.

"Wannan wata rijiyar ce daban."

"Kai dai duk inda ka je dabbobi faɗawa rijiya suke yi. Allah ya tsare mana namu."

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa ƙaryata shi ba, ba ta kuma taɓa gaskata shi ba, wato matarsa Bu Lasmi. A ƙofar barikin nan ya same ta tana sayar da shinkafa da miya, saboda haka ta san abin da mu ba mu sani ba. In labari ya yi nisa har jirgi ya kusa taɓa wata, gyaran murya kawai take yi daga inda take ɗinki, sai ka ga Kyaftin ya sauko da shi a hankali. Ita ce gwanar katifa a garin, audugarta ta bana kuwa ta cika ɗakin baya har rufi, kuma da ita gidan zai ci har wata shekara.

Ana nan sai bikin sojoji ya gabato, ayarin jiragen wasa suka fara zuwa gwaji a kan kwarinmu. Bayan azahar sai ka ji ƙasa tana kaɗawa, su ɓullo su huɗu a jere, suna fesa hayaƙi ja da fari, su rabu, su haɗu, ɗaya ya miƙe tsaye kamar doki ya ga wuta. In sun kai wajen dutse sai su karkata su juya. Pak Sarmidi ya lura da wannan, don haka yakan tsaya a bakin hanya da hularsa, ya jira sun kusa dutsen, ya ƙame ya sara musu. Suna karkatawa sai ya sauke hannu.

"Kun gani? Sun amsa. Yarana ne."

"In ba su karkata ba ai dutsen za su ci," in ji Mbah Tukiran.

"Mbah, harkar sama ba ta mai haƙori biyu ba ce."

Wata rana Bu Lasmi ta tasa shi gaba ya shiga raga. Bai yi duka goma ba ya fito yana tari, audugar ta cika masa gashin baki. Daidai nan jiragen suka wuce ƙasa-ƙasa, iskarsu ta kwantar da ganyen ayaba. Ya tsaya ya dubi ayabar, ya dubi sandar da ke hannunsa, ya jefar da ita, ya nufi rumfa ko zanensa bai gama ɗaurawa ba.

Ya tarar da dagaci, Pak Darto, yana shan kofi. Ya ce masa an gama wahala a Randusewu. A tara audugar gari kaf a filin ƙwallo, a haɗa ragar kowa a ɗinke ta zama guda, a kafe. Shi kuma zai kira jirgi ɗaya ya tsaya a kai yana kaɗa farfela. Iskar za ta yi dukan da gari ke yi wata guda kafin mutum ya shanye kofi, angurya ƙasa, auduga sama, raga ta riƙe.

"Su sojan ba su da aikin yi ne?" Mbah Tukiran ya tambaya.

"Wannan ai aikinsu ne. Soja na jama'a ne. A bariki ma da jirgi muke shanya wanki."

"Shi ya sa ka dawo da hula kaɗai."

Dagaci bai yi dariya ba. Mutum ne mai son a ji sunansa a wajen hakimi, ga shi garin da ke ƙetaren rafi sun sayi injin busa auduga suna ta yi mana yanga da shi. Ya shafa ciki ya ce in dai Kyaftin zai iya kawo jirgi, shi zai kira gayya.

Labari ya riga Sarmidi isa gida. Ya tarar da Bu Lasmi tana zare allura, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Pak, na ji za ka kira jirgi."

"Haka ne, Bu. Ki huta, bana..."

"Ka kira jirgi, ka kira jirgin ruwa ma in ka ga dama. Audugata dai ko ƙwaya ɗaya kada ta bar ɗakin baya. Shekara nawa ina riƙe maka bakina? Ranar da ka taɓa ta, ranar zan buɗe shi."

"Wa ya ce zai taɓa?" in ji shi, ya wuce ciki yana fito.

Saura kiran jirgi. Da farko ya ce da madubi ake yi, haka sojoji ke magana da juna daga dutse zuwa dutse. Ya ciro ƙofar kabad ɗin matarsa mai madubi, ya haɗa da gilashin karatun liman wai don haske ya yi ƙarfi, ya tsaya kusa da gidan dagaci yana juya su. Jiragen suka wuce abinsu. Hasken kuwa ya samu wani ɗan tulin auduga da matar dagaci ta shanya, ya zauna a kai. Garin da ko taba ba a kunnawa kusa da raga, sai ga hayaƙi. Aka buga gangar gora ta gobara, gari ya fito da bokitai. Wutar ba ta fi tafin hannu ba, bokiti ɗaya ya kashe ta, sauran da aka ɗebo kuwa ba a so su tafi a banza, aka juye wa Kyaftin.

"Sun ga hayaƙin," ya ce yana matse zane. "Shi nake so su gani."

Sai ya koma ga filfilo. Ya ɗaura gora biyu, ya shimfiɗa musu tsohon labulen makaranta, ya yi wani ƙato mai girman ƙofar masallaci, ya ɗaura masa doguwar igiya, ya sake shi sama daidai hanyar jiragen. A wannan karon kam sun gani, don na gaban sai da ya goce gefe, sauran suka watse, hayaƙin ja da fari ya cakuɗe. Kafin la'asar ga wani soja a kan babur, ƙato, wuyansa ya fi cinyar dagaci, sunansa a ƙirji Saje Wiyono. Ya tambayi mai filfilo, yatsun gari suka taru a kan mutum ɗaya.

Sajen ya ja shi bayan rumfa, inda ba a jin magana sai dai a ga hannu.

"Pak, kai yaro ne? Ka san igiyar nan in ta naɗe farfela mutum nawa za su mutu?"

"Ranka ya daɗe, ai ni ma na taɓa..."

"Ban tambaye ka ba. Ranar Alhamis gwajin ƙarshe ne, za mu bi ta nan ƙasa sosai. In na ga ko zare a sama, ni da kaina zan zo in ɗauke ka. Ka ji?"

"Na ji, ranka ya daɗe."

Sajen ya karya filfilon, ya ɗaure a bayan babur, ya tafi. Sarmidi ya jira ƙarar ta nisa, ya gyara hula, ya fito da murmushi har kunne.

"To, an tsayar da rana. Alhamis za su sauko ƙasa sosai. Ya ce shi da kansa zai zo ya ɗauke ni."

"Me ya sa yake nuna ka da yatsa kamar zai tsone maka ido?" in ji Mbah Tukiran.

"Gaisuwar soja ke nan."

"Filfilon fa?"

"Ya tafi da shi a nuna wa manya."

Abin haushi, mun yarda. Mun ga soja da idonmu, mun ga babur, kuma mutum in ya gaji da tari ba ya wuyar yaudara. Dagaci ya sa aka yi shela a lasifikar masallaci, ya aika wa hakimi, ya kai wa tela yadin sabuwar riga.

Ranar Alhamis tun da safe aka fara jigila. Wani a amalanke, wani a ka, wani a keke, aka juye audugar gari a filin ƙwallo har ta kai ƙugu. Mata suka haɗa raguna suka ɗinke, maza suka kafa turakun gora. Mbah Tukiran ya rantse ba zai kawo tasa ba, amma da ya ga gidan kowa ya zama fayau sai tsoro ya kama shi kada a ci riba babu shi, ya kawo yana zage-zage.

"Ina ta gidanka, Kyaftin?" ya tambaya da ƙarfi don kowa ya ji. "Ko mai magani ba ya shan nasa?"

Nan fa idanu suka juyo. Bu Lasmi ta tafi kasuwar birni kai matasai, ba za ta dawo ba sai bayan azahar. Sarmidi ya yi lissafinsa: kafin ta dawo an gama, ta tarar da audugarta fara sol babu angurya, sai dai ta yi godiya. Ya ɗauki amalanke ya kwashe ɗakin baya tas, har da shara, ya zuba tata a tsakiya, wai nan iska ta fi kyau.

Sannan ya tara dattawan gari ya jera su a gefen fili, ya ba kowa faifai biyu, ya koya musu abin da ya ce shi ne yaren jirgi. A ɗaga sama a kaɗa, a sauke, a sake ɗagawa. Liman ya tambaya ko me wannan ke nufi, ya ce masa ma'anar sirrin soja ce. Shi kuwa babban kwamanda dole ya tsaya inda matuƙi zai gan shi, don haka ya sa aka haɗa tsani biyu aka jingina a jikin tsohon rimin da ke bakin fili, wanda masu kaɗo kwanso ma suka daina hawa. Ya hau yana nishi, ya bar tsani ya kama reshe, ya bar reshe ya kama na sama, har ya zama ɗan mitsitsi da hular kwano. Bai daɗe da hawa ba turaku suka gaza, dagaci ya ce a kawo tsanin nan a sassare, ai gora ce.

Abin da ya sa masu kaɗo kwanso suka daina hawa rimin nan, jajayen tururuwan nan ne masu naɗe ganye su yi gida. Kowa ya sani sai wanda bai taɓa kaɗo kwanso ba. Pak Sarmidi ya samu wani dunƙulen ganye mai laushi ya zauna a kai.

Daga ƙasa muka ga Kyaftin ya miƙe zumbur, ya mari wuyansa, ya mari cinya, ya cire riga ya yar. Dattawa suka ɗauka darasi ne ya ci gaba, suka shiga marin wuya da faifai. Ya kwance jan zanensa yana bulalar jikinsa da shi, daga shi sai gajeren wando da hula, yana tsalle daga ƙafa zuwa ƙafa a kan reshe. Ya leƙo yana neman tsani, ya hango shi an mai da shi turaku.

"Ku kawo tsani," ya yi ihu.

"Me ya ce?" dagaci ya tambaya.

"Ba a ji, amma ka ga sun taho," in ji wani.

Sun taho kuwa, su huɗu, ƙasa-ƙasa kamar yadda aka faɗa. Ukun farko suka wuce da hayaƙinsu. Na huɗun shi ne mai igiya a gefe, wanda a wajen biki yake nuna yadda ake ciro mutum daga ambaliya. Waɗanda ke cikinsa suka leƙo, suka ga tsoho tsirara a ƙololuwar itace yana kaɗa jan ƙyalle kamar ransa zai fita, babu tsani, ga jama'ar gari a ƙasa kowa yana ɗaga hannu sama. Ko ni ne matuƙin abin da zan yi ke nan. Jirgin ya bar 'yan'uwansa ya juyo.

Gari ya ɗauki sowa. Dagaci ya gyara sabuwar rigarsa. Mbah Tukiran ya buɗe baki har muka ga haƙoran biyu a lokaci ɗaya. Shi kansa Sarmidi sai da ya manta da tururuwa, don duk duniya babu wanda ya kai shi mamaki.

Daidai nan Bu Lasmi ta sauko daga motar kasuwa da kwandonta. Ta dubi fili, ta dubi tsakiyarsa, ta gane buhunanta da aka yar a gefe, masu ɗinkin shuɗin zare. Ta ajiye kwandon ta ɗaga kai sama. Nisan da ke tsakaninsu ya kai tsawon hasumiya, amma Sarmidi ya rantse daga baya ya ji gyaran muryarta.

Iskar ta fara isowa. Raga ta lotsa, ta kumbura, ta sake lotsawa, ta tashi kamar cikin mai kumburi. Turaku suka fara fita ɗaya bayan ɗaya suna tashi sama. Daga inda yake, Sarmidi ya riga kowa ganin abin da zai faru. Ya shiga kaɗa zane da hannu bibbiyu yana cewa su koma, su tafi, an fasa. To amma yaren jirgi ɗaya ya sani, shi ne wanda ya ƙirƙira da safe, kuma korarsa da kiransa duk kamarsu ɗaya. Dattawa suka ga kwamanda ya ƙara wuta, su ma suka ƙara. Matuƙi ya ga mutumin ya ƙara firgita, ya ƙara matsowa.

Sai ɗinkin tsakiya ya ɓalle.

Ban taɓa ganin abu irin wannan ba, ba na kuma fata. Wahalar gari ta shekara guda ta miƙe tsaye, ta fi rimin tsawo, ta buɗe, rana ta ɓace. Ba ka ganin hannunka. Kana buɗe baki za ka yi salati sai ka ji ka cika shi. Dagaci ya rungume gefen raga wai zai riƙe, ta ja shi a ƙasa tun daga wannan gola har waccan, sabuwar riga ta tsaya a hanya. Agwagi suka tashi suka shiga masallaci. Liman ya yi karo da Mbah Tukiran, kowa ya riƙe ɗan'uwansa yana kiran sunan matarsa. Wani ya lalubo gangar gobara ya buga, amma babu wanda ya san inda rijiya take.

A sama kuwa wani ƙato ya sauko a igiya, ya tsaya a gaban Sarmidi, ya ɗaga gilashin hularsa. Saje Wiyono ne.

"Kai ne kuma?"

"Ranka ya daɗe, ban sa zare ba."

"Ɗaga hannu."

"Ni dai a kawo tsani. Wallahi ban taɓa..."

Sajen ya zarga masa ɗamara, ya yi wa na sama alama da yatsa ɗaya, reshe ya bar ƙafar Kyaftin. Duk da ƙarar farfela, har garin ƙetaren rafi sun ji muryarsa yana kiran Bu Lasmi da uwarsa da ta rasu tun tuni. Hular kwano ta faɗo. Matuƙi ya ga farin da ya tayar, ya ja gefe da sauri yana lilo da su, ya nemi inda babu auduga ya sauke su, wurin kuwa bai zama ko'ina ba sai kududdufin agwagin liman. Sajen ya dira a kan ƙafarsa. Sarmidi ya dira da duk jikinsa. Jirgin ya janye igiyarsa ya tafi can bayan gari ya sauka.

Da ƙarar ta lafa sai audugar ta fara dawowa a hankali, a kan rufi, a kan gonakin shinkafa, a kan rafi tana bin ruwa. Abin da ya fi yawa iska ta tafi da shi yamma. Sajen ya fito da Sarmidi riƙe da hannu, taɓo tun daga kai har ƙafa, kafin su iso fili kuwa auduga ta manne masa ko'ina, ya zama kamar ɗan tsakon da ya fi ƙarfin ƙwai. Jama'a suka kewaye su, kowa fari fat, ana ta atishawa.

"Wa ya tara auduga a hanyar jirgi?" Sajen ya tambaya.

Dagaci ya tofar da abin da ke bakinsa. "Kyaftin ne ya ce kun yi alkawari. Ya ce ku yaransa ne."

"Wane kyaftin?"

Yatsun gari suka sake taruwa. Sajen ya dubi abin da ke tsaye kusa da shi sama da ƙasa.

"Pak, a wace runduna ka yi aiki?"

Sarmidi ya kawar da kai daga sajen. Ya waiga yana neman fuska ɗaya a cikin fararen fuskoki, ya same ta. Bu Lasmi ta ratso mutane tana tafiya a hankali, buhu ɗaya mai shuɗin zare a hannunta, babu komai a ciki. Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan.

"Faɗa masa, Pak. Ko in taya ka?"

"Bu, a gida..."

"Wane gida? Abin da ke gidan ga shi can a kan itatuwa." Ta juya wajen sajen. "Ranka ya daɗe, rundunar awaki ya yi. Akwai awakin da ake saki a filin jirage su rage ciyawa, shi ne mai kiwonsu. Da an ji jirgi zai sauka, aikinsa ya kora su gefe, shi kuma ya fi su gudu. Ranar da ya yi barci, bunsuru ya shiga jirgin babban kwamanda ya cinye kujera, ranar aka sallame shi. Hular ma ta mai gadi ce, ta tsage ya yar. Yau ne farkon ranar da ƙafarsa ta bar ƙasa."

Sai Mbah Tukiran ya fara wata dariya mai kama da tari, ya zauna a ƙasa yana dukan cinya, yana dariya yana kukan audugarsa lokaci ɗaya. Sajen ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Da ya samu kansa ya ce da dagaci gobe ya zo bariki da bayani, ya tafi wajen jirginsu yana kakkaɓe kaki.

Da wani ne, da tuni ya nitse a ƙasa don kunya. Sarmidi kuwa ya sunkuyar da kai, sai idonsa ya faɗa kan filin. Ciyawa ba ta ganuwa. Daga gola zuwa gola angurya ce baƙa wuluk a shimfiɗe, tsaf, babu ko silin auduga a jikinta. Ya tsuguna ya ɗebo cikin hannu, ya miƙe, murya ta fara dawo masa.

"To amma ku duba nan. Na ce jirgi zai zo, ya zo. Na ce angurya za ta rabu. Wa ya taɓa raba ta haka da sanda? Ragar ce ba ku ɗinka da kyau ba."

Sai da mutum huɗu suka riƙe dagaci.

An daɗe ana tsintar auduga a Randusewu. A rufi, a ƙaya, a cikin rijiya, har a tukunyar miya. Mutanen ƙetaren rafi suka tsinci rabonsu suka ɗura matasai, suka aiko mana da gaisuwa. Dattawa suka yanke cewa Sarmidi zai hau duk itacen da ke garin ya sauko da abin da ya maƙale, kuma duk abin da ke da auduga a gidansa a farke a raba wa waɗanda aka yi wa ɓarna. Bu Lasmi da kanta ta farke katifarsa ta miƙa. Abin da ya dawo ɗakin baya bai kai gwiwa ba, shekarar nan rogo suka ci har ya fita ransu, kuma ta daɗe ba ta ce masa ko sannu ba.

Sai wata rana da yamma ya dawo daga hawan itace, jiki duk cizo, ya tarar da sabuwar katifa a kan gadonsa na gora. Ɗinki mai kyau, shuɗin zare, irin wanda take yi wa manyan mutane. Daɗi ya kama shi har idonsa ya kawo ruwa. Ya ce ashe dai Bu ta huce, ya saki jiki ya faɗa a kai gaba ɗaya.

Ƙarar da bayansa ya yi, maƙwabta sun ji. Ya yi ƙoƙarin ɗaga gefen katifar, ta ƙi motsi. Ya lalube ta, ya ji ƙwaya-ƙwaya masu tauri kamar tsakuwa suna gurzar juna.

"Bu, mene ne wannan a ciki?"

Tana bakin ƙofa tana zare allura, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Angurya ce, rabonka na bana, Kyaftin. Kai ka raba ta, babu wanda ya taɓa raba ta haka. Ka kwanta."